Keken Agong Ya Ƙi Batir

Tun da kakarta ta rasu, duk Asabar Pei-shan kan zo Tainan duba kakanta tsoho Lai, da take kira Agong, wanda ƙafafu suka daina ɗauka. Ita ta haɗa wa kekensa na guragu inji da 'yar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi. Gobe ranar sharar kaburbura, kabarin kakar kuma a kan tudu yake. Tun safe ake ruwa.

"Ka dai ci abinci, Agong?"

"Na ci haushi. Sannu injiniya, mai keken da ba ya motsi sai an ɗaure shi a bango kamar akuya."

"A wutar gida lafiya lau yake, batir ne ba ya so. Halinka ya ɗauko, sai an lallaɓa."

"To sayo waya mai kilomita shida, ki jona a kicin, mu tafi maƙabarta."

Ta durƙusa, ta ɗora mitar awon wuta a kan batir, ta danna maɓalli. Taya ta zabura, fitila ta mutu, ta sake kamawa.

"Ka gani? Da injin ya ja wuta sai ƙwaƙwalwar ta suma, ta farfaɗo ta manta inda za ta."

"Kamar wadda ta haɗa ta. Shekara arba'in ina naɗa injin fanka, ban taɓa haɗa giwa da ɓera a kwano ɗaya ba. Raba musu waya, ki sa wa ƙwaƙwalwar kwandansa mai ɗan ajiye mata wuta. Abin da babba ya hango..."

"Babban da matakala uku ta gagara?"

Amma ta yi yadda ya ce. Keken ya gangara har bakin ƙofa, ya yi sanyi, ya tsaya. Ta sake aunawa.

"Batirin kansa ya tsufa, Agong. Ba zai hau tudu ba. Shaguna kuma sun rufe don hutu."

Tsohon ya zuba wa ruwan ido. "Shekara hamsin da biyu ban taɓa barin kakarki tana jira ba."

"Ni zan tura ka."

"Ke? Da hannayen nan kamar tsinken cin shinkafa?"

"Kai nauyin me gare ka, in an cire bakin?"

Ya yi dariya har ya goge ido da hannun riga.

"Kin ci gari. Buɗe tukunyar can, akwai naman agwagwa. Ki cinye duka, gobe ke ce jakina."