Yadda Na Zaɓa wa Mai Girma Mota a Bakin Rami

Ni na fara ganinsu, kuma duk wanda ya ce muku ya riga ni, ku tambaye shi ƙarfe nawa ya tashi ranar. Ina layin mai da 'yar jarkata, ni ne na saba'in da uku, sai ga tirela ta taho a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A bayanta motocin Turai ne guda biyu, ɗaya baƙa wuluk, ɗaya ruwan toka, ko ledar kujeru ba a cire ba. Na saki baki, na bi ta da ido, har na ɗan bi ta da ƙafa. Kafin in dawo layi ya haɗe, na zama na ɗari da biyu, man kuma ya ƙare a kan na sittin. Ba komai. Su sun sami mai, ni na sami labari.

Ku da ba ku san ni ba, ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma babbar 'yata ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Amma shekara arba'in da ɗaya na yi a bayan sitiyarin babbar mota. Na kife sau uku, na faɗa kogi da lodin siminti na ɓullo ta tsallake, birki ya tsinke mini a gangare ina cin gyaɗa, ban fasa ci ba. Duk wannan ko farce bai karya mini ba. Abu ɗaya ne ya taɓa kai ni ƙasa: ramin layinmu.

Shi ma ni na fara ganinsa, lokacin bai fi bakin kofi ba. Yanzu ya cinye layin daga katanga zuwa katanga, ruwa ba ya ƙafewa a ciki, kwaɗin da ke wurin har sun yi jikoki. Sau huɗu ana zuwa auna shi, da hular kwano da mai ɗaukar hoto. Zuwan ƙarshe suka kafa allo mai cewa aiki ya kankama. Allon yana ciki yanzu, kwaɗi na shan hantsi a kansa.

Mu masu jini a jika muna raɓawa ta jikin katanga. Tsohuwata kuwa, uwar 'ya'yana, gwiwa ta hana ta. Autarmu ta haihu a tsallaken ramin wata biyar ke nan, surukina ya rantse ba za a raɓa masa da jariri ta katangar nan ba, ita kuma kakar ba ta iya zuwa. Kullum sai ta ja kujera bakin ƙofa ta zuba wa ramin ido.

"Kai da ka ce ka tsallake kogi da siminti," in ji ta, "ka kasa tsallakar da mace ɗaya."

"Ki bar ni, tsohuwa, ina nazari."

"Wata biyar kana nazari. Yaron zai yi gemu."

To, a ƙuryar layinmu, ɓangarenmu na ramin, akwai gidan Mai Girma Babban Mai Sa Hannu, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada. Da wata jif yake fita, doguwa kamar raƙumi, tana keta ramin bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Sai jif ta tsufa, don ta kai wata takwas. Ya kuma yi tafiya ƙasar waje ya gano cewa manyan can ba sa hawa mota, shiga suke yi. Shi ne aka kawo biyun nan ya zaɓa. Aka kafa kwamiti na mutum goma sha biyu, suka yi sati uku suna zama, kowa ya ƙara ƙiba, suka fito da matsaya cewa duka biyun tayoyinsu huɗu-huɗu ne.

Direbansa ni na koya masa sa giya. Shi ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, Maigida na kira. Na ce masa duk garin nan babu mai jin yaren mota kamarka."

"Ka rage ma," na ce. Na sa babbar rigata.

A hanya Mai Faci ya tare ni. Rumfarsa a bakin ramin take, da ramin ya gina ɗaki biyu ya sa wa gidansa ƙofar ƙarfe.

"Baba, ka rufa mini asiri. Na ga idonka, wani abu kake ƙullawa."

"Ni? Mota kawai zan duba."

"Ka tuna dai ni ke ba ka iska kyauta a keke."

Na sami motocin a tsakar gida, kwamiti a jere a inuwa, Mai Girma a tsakiya ana masa fifita. Na fara da Baƙa. Jama'a, kujerarta tausa take yi. Na zauna, wani abu ya kama mini ƙugu yana murzawa, na kusa yi masa godiya. Ga wani maɓalli, ka danna ta miƙe tsaye, cikinta ya bar ƙasa. Na ce a raina, wannan munafuka ce, za ta keta ramin nan Mai Girma na barci. Na koma kan Toka. Ita kuwa a kwance take da ƙasa, ko kyanwa sai ta yi rub da ciki kafin ta shiga ƙarƙashinta. Ta taka tsinke sai ka ji shi a haƙori. Nan take nazarin wata biyar ya nuna. In ya ɗauki Toka, ko dai a cike ramin ko ya kwana a gida har abada.

"Dattijo, me ka gani?" in ji Mai Girma.

"Ranka ya daɗe, Baƙa mota ce ta kirki. Ta masu ciwon baya. Duk wanda ya gan ka a ciki zai ce, Allah sarki, an kusa sallamarsa ya je ya huta."

Fifita ta tsaya. Fuskar Mai Girma ta canja.

"Toka fa?"

"Ita ba ta kowa ba ce, ranka ya daɗe. Ta wanda ake shirin ƙara wa kujera ce. Ba ta ɗaga kai, don mai ita ya riga ya ɗaga."

Ban san ma'anar abin da na faɗa ba, amma Sakataren Mai Girma ya rubuta. Shugaban kwamiti ya miƙe ya ce daidai abin da suke shirin faɗa ke nan. Aka tafa.

Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai. "Tsohuwa, wanke takalminki." Mai Faci kuwa ya daina amsa mini gaisuwa.

Washegari duk layi muka fito. Toka ta taho tana sheƙi, ta zo bakin rami, ta tsaya cak. Gilas ya sauka. Mai Girma ya leƙo, shekara shida yana wucewa, ranar ya fara haɗa ido da ramin.

"Yaushe aka yi wannan?"

"Jiya da yamma, ranka ya daɗe," in ji Sakatare.

"A ɗauki mataki!"

Wallahi har hula na jefa sama. Kwana uku ina jiran motar kwalta. Ran na huɗu sai ga mataki ya fito daga gidan: an sayi Baƙa ita ma. Tana gaba, an ɗaure mata dogayen katako biyu a kai, ƙarti huɗu a ciki kujera na musu tausa. Suka sauko, suka shimfiɗa katako a kan ramin, Toka ta bi a hankali ta haye, suka ɗauke abinsu suka ɗaure, Baƙa ta miƙe tsaye ta keta ruwa ta bi bayanta. Ku faɗi gaskiya, in ba mai ilimi ba wa zai yi wannan tunani? Ni da ban yi boko ba, da ƙasa kawai zan zuba.

Na tari Sakatare na ce, "Ɗana, ku bar katakon mana a wurin."

"Haba Baba. Katakon hukuma ne fa. In aka bar shi nan, jama'a za su yi ta takawa."

Mai Faci ya dawo yana gaishe ni har da rusunawa. Tsohuwata ta mayar da takalminta ƙarƙashin gado.

Sai na kira Direba. Na ce, "Me na koya maka kafin a hau gada?"

"A duba taya, Baba."

"Guda nawa?"

"Huɗu."

"Da ta cikin but biyar. Kada ka yi gaggawa, ran Mai Girma ne a hannunka."

Da safe aka shimfiɗa katako. Direba ya fito, ya tsuguna gaban tayar farko yana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Na kama hannun tsohuwata, ita katako ɗaya, ni ɗaya, muka taka a gaban Mai Girma, ina ɗaga masa hannu, shi ma yana ɗaga mini, yana zaton tarba ce. Kafin a kai taya ta uku mun haye. Ta ɗauki jikanta, ta yi kuka, ta ce hancinsa irin nawa ne, Allah ya kyauta. Ƙarfe huɗu da Mai Girma zai dawo, muka biyo katakonsa muka koma gida.

Yanzu kullum ƙarfe takwas layi ake yi a bakin ramin, har da masu kai yara makaranta, kuma shi kaɗai ne layin da na sani wanda abin da ake jira ba ya ƙarewa a kan na sittin. Na ji ma an ba Direba takardar yabo saboda kula da taya.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo gobe ya same ni, ni ne na ɗaya. In kuma yana ganin ya fi ni jarumta, ya jira a ɗauke katakon sannan ya gwada. Ya dai taho da wandon canji.