Ranar da Na Yi wa Surukina Lacca Kan Takunkumi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je Tsiga gaida mahaifin Hadiza ba, ko da na so in manta. Shekara biyu ina neman yarinyar nan, kuma ranar ce Alhaji, mahaifin nata, ya ce a kawo ni ya gan ni da idonsa kafin ya ce e ko a'a.

Ni malamin firamare ne a Funtua, kuma cutata ɗaya ce: rediyo. In na saurari labaran duniya da safe, wanda ya fara haɗuwa da ni ya shiga uku. Shi ya sa tun a kan babur Baffa Sule, ƙanen mahaifina, yake ja mini kunne: "Don girman Allah, yau ka kama bakinka. Daga gaisuwa sai sunkuyar da kai." Na ce an gama.

Da farko na yi ƙoƙari wallahi. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na rakuɓe a gefen tabarma cikin zaure, ba abin da ke fita bakina sai "haka ne, Baba." Can Baffa ya tambayi Alhaji ya damina, ya huɗa. Alhaji ya nisa ya ce, "Huɗa ta tsaya, Malam Sule. Maganar takunkumin nan ce ta hana ni sakat."

Takunkumi! Ai an sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na ɗago kai na ce, "Baba, ka gano bakin zaren! Yanzu ba da bindiga kaɗai ƙasashe ke yaƙi ba. Wannan ta ƙaƙaba wa waccan takunkumi, taki da alkama su maƙale a can, mu a nan mu ji a jikinmu." (Baffa ya mintsine ni a cinya. Na ɗauka cewa yake in ƙara wuta.) Na shiga batun kutsen kwamfuta, yadda mutum zai zauna a ɗaki ya ɗauke wa ƙasa guda lantarki ba a harba ko harsashi ba. Na gangara kan labaran ƙarya da ake watsawa ta waya. Har hula na gyara, jama'a. Har yatsa na kaɗa a gaban mutumin da nake roƙon 'yarsa!

Alhaji bai katse ni ba. Sai da na kai aya ya ce, "Ikon Allah. To Malam, ni dai na bakin bijimina ne ya tsinke. Jiya muna huɗa ya cinye wa maƙwabcina masara kunya uku. Wace ƙasa ce ke da hannu a ciki?"

Wayyo ni! Bijimi kunya uku ya ci, ni tawa kunyar ba ta ƙirguwa. Daga bayan ƙofa na ji mata sun fashe da dariya, har da muryar Hadiza. Na ce shi ke nan, na kashe aurena da bakina.

Alhaji ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya dubi Baffa. "Ku turo a sa rana. Yaron nan cikinsa a waje yake, ba mugunta. Baki ne kawai, shi kuwa muna da maganinsa."

Ashe da gaske yake. Da aka kawo gara bayan biki, tsakanin alkaki da nakiya sai ga sabon takunkumi, saƙar kaba, an yi masa ado da jan zare. Hadiza ta rataye shi a ƙusa, daidai saman rediyona.

Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma na koyi darasi: kafin ka warware rikicin duniya, tambayi na wane bijimi ake magana. In na manta na fara "ai ƙasashen nan...", sai Hadiza ta ɗaga kai. Ƙusar kawai take kallo.