Farfesan Fara

Duk faɗin Birnin Gwari babu mai ilimin ƙwari kamar Malam Nababa. Kwana uku ya yi a wani taro a Kaduna, ya dawo da jaka ɗaya, takardar shaida biyu da sabon tabarau. Yara suka raɗa masa Farfesan Fara, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

Abin da ya gano a Kaduna ba ƙarami ba ne: ashe ana cin fara. Tana gina jiki, ba ta shan ruwa kamar saniya, ba a sare daji don kiwonta. Hajjo, wadda ta shekara goma sha tara tana suyar fara a ƙofar firamare, ta ce Allah Ya ƙara basira.

Sai Farfesa ya rubuta wa shugabar makarantar, Malama Selina, wasiƙa shafi huɗu: a tashi Hajjo daga ƙofa, suyarta babu kimiyya, shi zai ciyar da yara a zamanance. Malama ta ce ya zo Laraba ya gwada. In abin ya yi, Hajjo ta kwashe kaskonta.

Ranar Laraba ɗalibai ɗari biyu da goma sha ɗaya suka zauna. Farfesa ya yi jawabin minti hamsin, ya gyara tabarau sau ashirin da uku.

"Ku dubi ta Hajjo, duk ruwan ƙasa, babu fasali. Ni da kaina na je bakin daji na zaɓo masu ado: kore, ja, ruwan ɗorawa."

Ya buɗe kwano. Layin gaba suka toshe hanci. Ɗan aji ɗaya ma ya san ba a cin farar tumfafiya, ko kaza kewaye ta take yi.

"Malam, ba a kan tumfafiya ka kamo ta ba?" in ji Hajjo a hankali.

Ya ce kada a katse masana. Ya jefa uku a baki. Tauna biyu ya yi, ta ukun ta gagara. Daga nan zuwa bayan aji taku goma sha huɗu ne, Farfesa ya yi shi a shida, tabarau a ƙasa.

Malama Selina ta naɗe wasiƙar ta miƙa wa Hajjo ta ƙunshe yaji.

Washegari Farfesa ya sanar cewa gwajin ya yi nasara, yanzu yara sun san wadda ba a ci. Hajjo ta ce gaskiyarsa. Shekara goma sha tara tana faɗa musu da baki, ba ta taɓa samun wanda ya yarda ya nuna musu a aikace ba.