Rasuwar Uwar Ɗakin Injuna

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, shugaban masu gyara na masana'antar kujerun ƙarfe yake sanar da rasuwar Uwar Ɗaki, na'urar nan mai ruwan toka da ke cikin akwati kusa da ƙofar sito, wadda duk injin gidan daga wajenta yake karɓar umarni.

Marigayiyar ta san girma. Ba ta taɓa yi wa hannun injin walda magana kai tsaye ba. Sai ta faɗa wa na'urorin da ke ƙarƙashinta, su kuma su isar, kafin ƙiftawar ido aiki ya tashi. Ba ta da surutu. Daga "tit" in aiki ya yi kyau, sai "tit-tit-tit" in yatsan wani ya matsa inda bai kamata ba, nan take ta tsayar da komai. Mutum nawa ne a gidan nan suke cin abinci da yatsu biyar albarkacinta? Shi kansa shugaban yana cikinsu.

Ciwon ajalin bai taka kara ya karya ba. Ɗan batirin da ke riƙe mata tunani ne ya yi sanyi, kuma irinsa da wuta a jikinta ake canza shi. To amma doka ta sauko daga ofis cewa kada a taɓa komai sai an kashe wuta. Manaja ya faɗa wa mai kula da aiki, shi ya faɗa wa mai lantarki, shi kuwa bawan Allah ya bi, ya kashe wuta ya canza batirin. A ranar, shugaban masu gyaran yana asibiti yana jinyar matarsa. Da aka mayar da wuta ta buɗe ido, amma ba ta gane kowa ba. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Kwafin abin da ke kanta kuwa, kowa ya ɗauka yana wurin wani. Kaico!

Ta rasu ta bar na'urorin ƙarƙashinta suna jiran umarni, da hannayen walda a sandare, ɗaya har yanzu riƙe da ƙafar kujera. Ta kuma bar ma'aikatan gidan kaf, masu iyali, da shugaban, wanda maganin matarsa a kan wannan aiki ya dogara.

Za a fitar da ita ranar Alhamis da hantsi, a motar mai sayen tsoffin ƙarafa. Ba zaman makoki. Ofis na roƙon duk mai zuwa rakiya ya taho da rigarsa ta aiki da katin shiga, zai bar su a bakin ƙofa.