Yallaɓai Kunnen Zomo Ya Shiga Ɗakin Gwaji

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa, a fara da jami'in kiyaye haɗari na masana'antar kwanon rufi, in ya so sauran su biyo baya a layi. Mutum ne da ba ya fita sai da riga mai ƙyalli a kan kwat, da usur a wuya, da biro uku a aljihu, ko da yake biyu daga ciki ba a taɓa ganin sun yi rubutu ba. Hular kwanonsa fara ce, ta sauran ma'aikata ruwan ɗorawa. Shi ya nemi a yi masa haka, don kada baƙo ya shigo ya ɗauke shi lebura.

Amma babbar baiwarsa kunne. Da bakinsa ya faɗa, kuma wa zai fi shi sani? Ya ce tun yana yaro, in tururuwa ta yi tuntuɓe a bayan ɗaki yakan ji. Shi ya raɗa wa kansa Kunnen Zomo, ya yi ta maimaitawa har sunan ya zauna. Da shi ma'aikata suke kiransa a gabansa. A bayansa kuwa suna da wani, Yallaɓai Me-Ka-Ce, kuma ba sa ma wahalar rage murya in za su faɗa.

Ana nan sai labari ya zo cewa kamfani zai naɗa shugaban kiyaye haɗari na dukkan rassansa huɗu, da mota, da ofis mai labule. Yallaɓai ya shafa gemu ya ce ai abin a fili yake. Sai aka kafe sunaye biyu a allo, nasa da na Baba Mai Inji, dattijon da ya shekara talatin yana tsaye a kan injin yanka ba a taɓa jin ko farcen wani ya ƙwarzane a hannunsa ba. Ran Yallaɓai ya ɓaci ƙwarai. Ya kwana biyu yana juya maganar, rana ta uku dabara ta faɗo masa. Mutumin da ya shekara talatin a cikin wannan ƙara, in ji lissafinsa, ai kunnensa ya daɗe da yin ritaya. Nan take ya rubuta wa manaja takarda shafi huɗu, cewa mai wannan kujera dole ya zama mai ji, don haka a kira likitar kunne ta gwada kowa, wanda ya faɗi ya haƙura. Manaja ya sa hannu, aka tsayar da rana nan da mako biyu.

Ƙarar masana'antar nan ba wasa ba ce. In injin yanka da na lanƙwasa suka tashi tare, har a haƙoranka za ka ji. Shi ya sa doka ta ce kowa ya sa murfin kunne, wasu ƙoƙuna biyu masu soso da ake kifawa a kan kunnuwa. Wajen tsare wannan doka Yallaɓai ba ya da na biyu. Kowace safiya sai ya hau kan akwatin katako ya busa usur.

"Kunne amana ne," yakan ce, yana ɗaga yatsa. "Ni da kuke gani, ilimin kunne na karanta, ba tsinta na yi ba. Duk wanda na kama babu murfi, ya kuka da kansa."

Sai dai mai dokar barci shi ya ɓuge da gyangyaɗi, don shi ba ya sa murfin. Ya ce yana ɓata masa zaman hula, kuma abin ma na masu aikin ƙarfi ne. Shi yana da tasa hanyar ta manya: wata 'yar na'urar kiɗa ta aljihu, ba ta fi gidan ashana ba, da farin iyafis, 'yar wayar nan ta jin kiɗa, da yake cusawa har can cikin kunne. In ya shiga wurin injuna sai ya ƙure muryarta, har ta kai inda ba ta da sauran gaba.

"Ku ba za ku gane ba," ya taɓa yi wa sababbin ma'aikata bayani. "Kunne ɗaki ne. In ka cika ɗaki da baƙin da ka gayyata, ina wanda ba ka gayyata ba zai sami wurin zama? Na cika nawa da kiɗa, ƙarar inji ta zo ta tarar babu masauki, ta koma. Wannan shi ake kira kimiyya."

Ita kanta na'urar ta fi shi tausayin kunnensa. Duk lokacin da ya wuce iyaka takan rubuto masa gargaɗi cewa ƙarar ta yi yawa. Sai ya danna ya wuce, ya ce an rubuta ne don kunnuwan gama-gari.

Wata rana an kashe injuna ana hutun rana, Baba Mai Inji ya matso kusa da shi. Murfin kunnen Baba ya koɗe, an ɗaure gefe ɗaya da roba, amma tun da ya fara aiki bai taɓa tsayawa gaban inji babu irinsa ba. Ya taɓa kafaɗar Yallaɓai, ya jira ya zare iyafis ɗaya.

"Yallaɓai, waƙar nan taka ni ma ina bin ta daga inda nake zaune. In na gefe yana ji, to mai kunnen yana shan wuya. A ɗan rage mana."

Yallaɓai ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi murmushin manya. "Baba, na san ranar gwaji ce take damunka. Ka kwantar da hankalinka, in na hau ba zan manta da kai ba." Ya mayar da iyafis, ya ƙara danna wajen ƙarin murya ko da saura.

A gida ma baiwar ba ta ɓuya. In ya kunna talabijin, maƙwabta gida uku ba sa bukatar kunna nasu. Matarsa ta gaji da kiran sunansa daga kicin, sai dai ta zo ta tsaya a gabansa. Abin yana damunta, don ta san mutumin da ta aura ba haka yake ba. Da ya fara cewa yana jin wani siririn kuka a kunne, ziii, ba dare ba rana, sai ta ajiye tsintsiya ta zauna.

"Baban yara, mu je asibiti a duba. Wannan abin da kake toshe kunnuwa da shi tun safe har yamma, ko ɗan hutu ba ka ba su."

"Asibiti?" Ya yi dariya. "Ke ba ki san me nake ji ba. Wutar lantarki ce take tafiya a cikin waya. Mutum ɗaya cikin dubu ke iya jin ta."

"To ai tun ɗazu aka ɗauke wuta."

Ya karkata kai yana saurare. Can ya ce to ta unguwar gaba ce.

A hanya ma haka. Da kiɗansa yake tsallaka titi, ƙirji a gaba, kamar titin gadonsa ne. Sau biyu a mako ɗaya mai babur ya sha birki a bayansa, na biyun har ya tuɓe masa takalmi. Yallaɓai ya iso ofis yana faɗa, wai direbobin zamani ba su da tarbiyya, sun daina danna hon kwata-kwata. Ya yi alkawarin in ya hau kujera zai rubuta takarda a kan haka.

Ana gobe gwaji likita ta aiko da saƙo, kowa ya hutar da kunnensa daga ƙara kafin ya zo. Yallaɓai da hannunsa ya kafe takardar a allo, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta da jan biro. Amma shi ya san abin da likita ba ta sani ba. Mai tsere ba ya shiga fili sai ya motsa jiki, to me zai sa kunne ya shiga gwaji a sanyaye? Ranar gwajin tun da sassafe ya cusa iyafis, ya ƙure murya, ya ba kunnuwansa atisaye na awa uku cur.

A ɗakin cin abinci aka kafa wurin gwajin, wani ɗan akwati mai kujera ɗaya da tagar gilashi. Ma'aikata suka cika benci, manaja ya zauna a gaba. Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin magana. Kafin a fara ta ce tana da jan kunne ga masu jin kiɗa da iyafis: kada murya ta wuce rabi da ɗan kaɗan, in an yi awa guda a cire a huta, kada a ƙara murya don a danne wata ƙarar, don kunne duka biyun yake ɗauka. Ta ce abin da ya mutu a cikin kunne ba ya sake tsirowa.

"Abin da kullum nake gaya musu ke nan," in ji Yallaɓai, yana gyaɗa kai, farar wayar tana reto a wuyansa. "Amma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A fara da Baba, likita, don jama'a su ga bambanci."

Gwajin ba wuya. Za a sa maka abin ji a kai, a ba ka maɓalli a hannu, duk lokacin da ka ji ɗan siririn sauti ka danna. Baba ya yi bisimilla ya shiga. Bai daɗe ba ya fito, likita ta duba takarda ta yi murmushi. Ta ce shekaru sun ɗan ci nasu, amma ya wuce lafiya lau, wannan tsohon murfin ya yi masa rana. Ma'aikata suka tafa. A nan ne gaban Yallaɓai ya faɗi, karo na farko cikin mako biyu.

Duk da haka ya miƙe da ƙasaita. Ya ba wani hularsa ya riƙe, ya ba wani na'urar, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya shiga. Aka rufe ƙofa. Wurin ya yi tsit, in ban da lantarkin nan nasa da ya taso yau da ƙarfi, ziii, kunne biyu. Tsoro ya kama shi sosai. Ya leƙa ta gilashi, ya ga likita ta sunkuya, hannunta yana motsi. Mai basira ba ya rasa mafita. Hannunta ya motsa, ya danna. Ya sake motsawa, ya sake dannawa. Sai da ya danna sau bakwai, har da lumshe ido irin na wanda sauti ya ratsa.

Likita ta taso ta buɗe ƙofa. "Yallaɓai, ban kunna ba tukuna. Sunanka nake rubutawa."

Benci ya kaure da tari, irin tarin da dariya ke haifarwa in an danne ta. Wani ya fita waje da gudu yana riƙe da ciki. Amma Yallaɓai ba a banza ya kai inda ya kai ba. Ya gyara zaman kwat ya ce, "Na sani. Maɓallin nake dubawa. Aikina ne tabbatar da lafiyar kayan aiki, kuma ina shaida miki yana aiki."

Likita ta yi masa godiya, ta juya kujerarsa ya ba gilashi baya, ta rufe ƙofa.

Wannan karon ya ƙudura ba za a sake shammatarsa ba. Ba zai danna ba sai ya ji da kunnensa. Ya miƙe wuya, ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya jira. Shiru. Ya ce a ransa har yanzu rubutu take yi, matan nan da son cike takarda. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya shiga tunanin motar, ko fara za a ba shi ko baƙa, da inda zai sa teburi a sabon ofis yadda mai shigowa zai yi 'yar tafiya kafin ya iso gabansa. Ya tsara jawabin karɓar kujera, ya sa wa Baba layi ɗaya a ciki saboda zumunci. Har yanzu shiru. Ransa ya fara ɓaci, don shi mutum ne mai mutunta lokaci.

Da ƙofa ta buɗe bai jira an ce ya fito ba. Ya tako waje, ya tarar ɗakin ya yi jugum, babu mai tari, Baba ya sunkuyar da kai, manaja yana kallon takardar da ke hannun likita. Yallaɓai ya ɗauka girmamawa ce. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya yadda na baya za su amfana.

"Ranka ya daɗe, a gaskiya ba haka ake aiki ba. An shanya babban jami'i a cikin akwati, ga aiki yana jira. Likita, in kin gama rubuce-rubucenki, yaushe za a fara?"

Likita ta dube shi da tausayi ta ce, "An gama, Yallaɓai."

Sai da ta faɗa sau biyu.