Wasan Jika a Gidan Mai Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Tsoho ya cika shekara casa'in ba, ko da ni ma Allah zai kai ni casa'in ɗin. Har gobe in na tuna sai in ji kamar in nemi ƙarƙashin gado in shige.

Ni 'yar Kaduna ce. Karatun nas ya kawo ni Amurka, kuma kamar yawancinmu, ina haɗawa da aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Anti Rifkatu, ƙanwar mamata da nake zaune a wurinta a garin Wheaton kusa da Washington, ita ta tsaya mini har kamfanin da take wa aiki suka tura ni wani gida a arewa maso yammacin Washington. Ranar da zan fara, har bakin tashar jirgin ƙasa na Metro ta raka ni tana ja mini kunne.

"Gidan manya ne, kin ji ko? Sunana na sa a kanki. Ki yi aikinki, ki kama bakinki."

Na ce, "Haba Anti, sai ka ce yarinya."

Ta ce, "Ai da yarinya ce da hankalina ya kwanta. Ke ce."

Ba zan faɗi sunan gidan ba. Mai gidan dai, wanda nake kira Tsoho, da ƙarfe ya yi arziki. Ubansa lebura ne a masana'antar narkar da ƙarfe, shi ma a nan ya fara, a bakin tanderu. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunsa na dama, kuma kunnensa ɗaya ya mutu tun yana saurayi saboda ƙarar injuna. Daga baya ya sayi wata masana'anta da ta durƙushe ya tashe ta, ya ƙara wata, ya ƙara wata, har ya zama akwai garuruwan da in ya yi fushi kowa sai ya kwana da yunwa. An ce ya yi wa ma'aikata alheri, an kuma ce da suka yi yajin aiki ya rufe ƙofa ya bar su a cikin sanyi har suka gaji. Duka biyun na ji daga bakinsa, kuma bai taɓa nuna mini wanne ya fi damunsa ba. Shi bai taɓa tsayawa zaɓe ba, 'ya'yansa ya tura. Ɗansa ya daɗe a majalisa, ga kuma jikarsa tana neman kujera a lokacin.

Amma mai mulkin gidan ita ce babbar 'yarsa, wadda kowa ke ce wa Madam. Doguwa ce, ta ba saba'in baya ko ta kusa, ba ta ɗaga murya, kallo kawai take yi. Kafin ni ta sallami masu kula da shi da dama: wata don turarenta ya yi ƙarfi, wata don ta amsa waya a gabansa. Ni kuma ta ce mini gwaji nake, sai bayan bikin cikarsa casa'in za ta yanke ko zan zauna. Tun daga ranar, ko cokali ne ya faɗi a hannuna sai gabana ya faɗi tare da shi. In aikin nan ya kuɓuce, karatuna ya tsaya, kuma ban san da wane ido zan kalli Anti ba.

Makonnin farko Tsoho ko kallona ba ya yi. Wata safiya ya ƙi shan magani, ya dafe baki kamar yaron goye. Na lallaɓa, na roƙa, na gaji. Sai kawai ya tuna mini da kakana na gida, wanda shi ma haka yake da taurin kai, bakina ya suɓuce na ce masa da Turanci, "Haba angona, in ka mutu yau wa zai aure ni?"

Ya juyo da kunnensa mai ji. "Me kika ce?"

Na ce a raina shi ke nan, na kori kaina. Amma tunda na riga na fara, sai na yi masa bayani. Na ce a wurinmu jika da kaka abokan wasa ne. Jika mace takan kira kakanta mijinta, ta ce ya tsufa, ba shi da haƙori, ta tambaye shi yaushe zai tafi a dafa shinkafa a yi rawa. Shi kuma ya ce ba ta iya tuwo ba, zai sake ta ya auro wata. Babu mai jin haushi, wanda ya fi tsokanarka ma shi ya fi sonka.

Ya ƙura mini ido. Can sai ya fashe da dariya, irin wadda ta sa shi tari har na ruga na kawo ruwa. Ya shanye maganinsa tas, ya ce, "To matata, shayin nan naki ma ba shi da daɗi."

Daga nan muka ɗora. Kullum da safe sai na ce, "Au, har yanzu kana nan?" Shi kuma ya ce, "Ina nan, sai na ga bayanki." Amma sai ƙofa tana rufe. Da na ji takun Madam sai in koma "ranka ya daɗe" irin na Turawa, fuska a ɗaure (shi ma munafukin sai ya lumshe ido kamar mai barci).

Ranar bikin ta zo. An kafa rumfuna a lambun gidan, an jera kujeru da furanni. 'Yan majalisa, tsofaffin gwamnoni, masu kuɗi, 'yan jarida da kyamarorinsu, kowa ya hallara, don bikin rabinsa na Tsoho ne, rabinsa kuma yaƙin neman zaɓen jikarsa. Tun safe ban zauna ba. Sau nawa na duba maganinsa, na goge takalminsa, na sake goge wanda na riga na goge. Madam ta wuce ni ta ce, "Yau ba na son kuskure." Na ce, "In Allah ya yarda."

Aka nuna fim na tarihinsa a babban allo: ga shi yana saurayi a bakin tanderu, ga shi da hular kwano a gaban masana'anta, ga shi a bayan ɗansa ranar rantsuwa. Mutane suka yi ta tashi suna yabonsa, kowa yana cewa ya yi kaza, ya kasance kaza. Bayan nan aka ce in tura shi a kekensa zuwa wani ƙaramin ɗaki kusa da ƙofar lambu, ya huta kafin a kira shi ya yi jawabi. A nan wani mai gemu da ke kula da lasifika ya zo ya maƙala masa ɗan makirufo a wuyan kwat, ya sa masa wata 'yar na'ura a aljihu, ya nuna masa wani abu a jikinta, ya fita.

Ku lura, da idona na ga makirufon nan. Ni da kaina ma na gyara masa zama don ya karkace. Na ɗauka sai an fita da shi gaban jama'a za a kunna (wai ni mai ilimi, mai karatun nas).

Tsoho ya yi zugum, hannunsa a aljihu. Ya ce, "Kin ji su? Sun riga sun binne ni."

Tausayinsa ya kama ni. Na leƙa, babu Madam, ƙofa a rufe. Na durƙusa ina gyara masa igiyar takalmi na ce, "To ai laifinka ne, mijina. Ka ƙi mutuwa. Dubi mutanen nan duk sun sha kwalliya sun zo, 'ya'yanka sun gaji da jira, ni ma na gaji. Ka tafi mana mu ci shinkafa, a raba kayan nan kowa ya huta."

Ya ɗaga murya, ya ce, "Ba inda za ni, matata. Ke dai so kike in mutu ki auri saurayi da dukiyata."

Na ce, "Da wa zan ci, in ba saurayi ba? Kai ko haƙorin kirki ba ka da shi."

A nan ne na ji wani abu. Kalmar "haƙori" ta dawo mini daga waje, da ƙarfi, da muryata, daga kowane lungu na lambun. Sai kuma na lura kiɗan da ake yi ya tsaya. Surutun mutane ya tsaya. Ko ƙarar cokali babu.

Ya Yesu. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Zufa ta keto mini, fitsari ya cika mini mara. Na leƙa ta labule na ga ɗaruruwan fuskoki sun juyo suna kallon ƙofarmu, jikar nan mai neman kujera ta dafe ƙirji, wani ɗan jarida kuwa har ya fara murmushi yana latsa waya. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne fuskar Anti Rifkatu.

Ƙofa ta buɗe. Madam ce, da ƙanenta ɗan majalisa, da wani siririn mutum mai tabarau wanda daga baya na gane lauyan gidan ne. Ɗan majalisa ya cire makirufon da sauri kamar mai cire kunama. Madam ta ce, "Tashi."

Na tashi.

Lauya ya gyara tabarau, ya tambaye ni a hankali, kamar likita zai faɗi mugun labari: "Ina so ki gaya mini gaskiya. An ɗaura aure tsakaninki da shi? A coci, ko a kotu, ko bisa al'adarku?"

Sai a lokacin na gane ashe ba maganar mutuwar ce ta fi tayar musu da hankali ba. Na ce, "Aure? Ni? Wallahi wasa ne! Wasan jika ne!" Na shiga bayani, Turancina ya watse, ina haɗawa da Hausa ban sani ba. Na ce kakana ma mijina ne. Lauya ya ɗaga gira. Na ce a'a, ba haka nake nufi ba, duk jikokinsa mata matansa ne. Ɗan majalisa ya dafe kai. Duk abin da na faɗa sai ya fi na baya muni, har hawaye ya fara zubo mini.

Madam ta ce, "Kin ce wa mahaifina ya mutu, a gaban baƙinsa. Ɗauko jakarki."

"Ba inda za ta." Tsoho ne ya yi magana, bai ko ɗaga kai ba. Ya zaro 'yar na'urar daga aljihu ya ajiye a cinyarsa. "Ni na kunna."

Duk muka juya muna kallonsa.

Ya ce, "Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana kunna tanderu, ɗan maɓalli ne zai gagare shi? Tun safe kuke magana a kaina kamar gawa. Na so ku ji yadda ake yi wa mai rai magana."

Tsoron da nake ji ya juye ya zama haushi. Na manta da Madam, na manta da lauya, na ce, "Amma kai mugun tsoho ne! Aikina fa? Karatuna fa? Ka san abin da Antina za ta yi mini?"

Ya ce, "Kun ji ko? Haka take yi mini kullum."

Lauya dai bai haƙura ba. Ya ce don hankalin kowa ya kwanta, in faɗa a gaban shaidu cewa ni ba matarsa ba ce, ban taɓa zama ba, kuma ba ni da niyya. Na ɗaga hannu kamar a kotu na faɗa, ina jan majina. Tsoho ya girgiza kai ya ce, "Ta sake ni ranar haihuwata." Ya kama dariyar nan tasa mai haɗe da tari, har sai da na ruga na kawo ruwa, don duk cikinsu babu wanda ya san inda kofinsa yake.

Ɗansa ne ya tura shi waje, ni na ƙi fita. Hankalina bai kai ga jawabin ba, na dai ji jama'a sun yi dariya sun tafa. Na tsaya a ɗakin rungume da jakata, ina jiran hukunci. Madam ba ta bi su ba. Ta daɗe a bakin taga tana kallon ubanta, sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Haka yake dariya in kuna tare?"

Na ce, "Kullum, Madam."

Ta ce, "Ni tun ina yarinya ban taɓa ji ba." Ta ciro hankici ta taɓa gefen idonta, ta mayar da fuskarta yadda take. "Ranar Litinin ki zo da wuri. Kuma ki riƙa barin ƙofar a buɗe."

Labarin ya riga ni isa Wheaton, don wata 'yar cocinmu tana cikin masu raba abinci a bikin. Har yau in na shiga coci sai wata ta ce, "Sannu da zuwa, amaryar mai ƙarfe, ya jikin maigidan?" Ni dai na ɗauki darasina. Duk tsohon da zan tsokana yanzu, sai na fara laluba wuyan rigarsa da aljihunsa. Miji kuma, ko na wasa ne, in kika ga ya yi kalar tausayi hannunsa a aljihu, ki kama bakinki.