Kaka Nam Ba Ta Gama Barcin Hoto Ba

"...Ina wuni, in dai wunin kika yi. Ko ina kwana zan ce?"

"Wane ne yake min kuka a ka kamar agwagwa?"

Loc ne, ɗan yayata, mai shagon ɗaukar hoto a birnin Can Tho. Ya jingine babur a gindin kwakwa, kyamara rataye a wuya, ya tsaya a kan mahaifiyata da ke miƙe cikin ragar kwanciya da rana tsaka. Duk bakin rafinmu Kaka Nam ake ce mata, kuma an san ta da rashin barci. Ita ke tashin zakaru, ta tuƙa kwalekwale zuwa kasuwar kan ruwa da dafaffiyar shinkafa a ganyen ayaba. To tun da ta ce a ɗauke ta hoton da za a ɗora kan teburin magabata in ta mutu, kamar yadda tsofaffinmu ke yi tun da ƙafarsu, sai ta koma barci kamar kasa. Kwalekwalen ya dawo kaina, ni autarta, kuma ban ji daɗi ba ko kaɗan. Shi ma Loc ya sha zuwa tana korar sa, wai ba ta shirya ba.

"Mijinki ne na birni," in ji Loc. "Tashi ki sa rigar silikin, yau ba fashi."

"Miji? Mijin da ko kifi bai taɓa kawo min ba? Koma, ban gama ba."

"Ba ki gama me ba?"

"Barcin mana! Ba kai ka ce min barci na goge tamoji ba, maƙaryacin banza? Na yi na dare, na yi na rana, na ƙara da na hantsi. Dubi fuskar nan. Me ya gogu?"

Loc ya sunkuya ya ƙare mata kallo. "Kai! An ma samu ƙari. Ga zanen raga nan a kumatunki. In na ɗauke ki haka, cewa za a yi masunta ne suka jawo ki."

"Uwarka suka jawo."

"Ai 'yarki ce. Kaka, abin da na ce shi ne fata cikin barci take gyara kanta. Ba ki ga baƙin ƙasan idonki ya tafi ba? Da kamar an naushe ki."

Gaskiyarsa ce. Fuskarta ta yi haske, fatar ta daina bushewar nan, har faɗan ma ya ragu.

"Baƙin ido na ce maka? Kwarin nan nake so ya cike," ta ce, tana jan goshinta da yatsu.

"Wannan kwarin ya girmi babana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da tun kina budurwa kika riƙa kwanciya da wuri..."

"Da uwarka ta ci iska ta ƙoshi. Kai da kake wa'azin barci, ka duba madubi? Kwana kake kana latsa waya, idanu kamar na kwaɗo. Ni a shekarunka, in na ratsa kasuwa, maza kifewa suke da kwalekwale."

"Tsoro ne ya kifar da su."

Ta jawo takalminta ta wurga masa, ya goce.

"To ki bari in goge miki da na'ura," ya ce. "Kafin ki ƙifta ido kin koma 'yar ashirin."

"Irin wanda ka yi wa marigayiya matar maƙwabcinmu Tu? Ka mai da ta dafaffen ƙwai! 'Ya'yanta suna kunna mata turare suna tambayar wace ce. A'a. Fuskata nake so, amma wadda aka yi wa guga."

"Wai duk wa ake yi wa wannan kwalliyar?" in ji Loc. "Ga ni da raina ba a taɓa shafa min hoda ba."

Nan ta juya ta kalli cikin ɗaki, inda hoton mahaifina yake bayan kaskon turaren tsinke. Zazzaɓi ya ɗauke shi ina ciki, don haka ni a hoton nan kawai na san shi: saurayi, gashi a kwance, fuska sumul.

"Kusa da shi za ku ajiye ni," ta ce. "Baƙo ya shigo, ya sunkuya, ya ce, 'Ayya, wannan ce mahaifiyarsa?' Ni da na girme shi da wata biyu kacal. Ba na so, Loc."

Sai na ji tausayinta ya kama ni, har na ji kunyar mitar da na yi ta yi a kan kwalekwale. Na ɗauka Loc ma bakinsa ya mutu. Ashe ja'irin numfashi yake ja.

"Yo Kaka, da wa kike gasa? Mutumin da ya shekara hamsin yana barci! Ba zakara, ba kasuwa, ba kukan yara. Ke kuma jiya-jiya kika fara. Ko kasa ba za ta kamo shi ba."

Ta buɗe baki za ta zage shi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ragar na lilo, hawaye na bin kwarin da take so a cike.

"Ashe sirrinsa ke nan! Malalaci! Ya bar ni da 'ya'ya biyar ya je ya miƙe ƙafa, ni ina ta yaba masa kyau."

"Ai tsohuwar zuma da ita ake magani. A ɗauka?"

"Ka yi nasara, ɗan nema. Hanh, ɗauko min rigar, ki kuma cika wa wannan kwaɗon leda da mangwaro."

Na ɗauko. Ta ƙi hoda, ta ƙi a gyara mata gashi. Ta zauna kan kujera a ƙofar ɗaki, ta miƙe wuya.

"Ki ɗan saki goshin," in ji Loc.

"Ba zan saki ba. Ɗauke shi duka, kada ka rage ko layi ɗaya. Ku ajiye ni dab da shi, ya ga wadda ta yi gadi yana barci."